Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Manyan Makarantun Jihar Katsina: Ku Damƙa Wa Ɗalibai Amana Tun Suna Hannunku

Zuwa ga shugabannin jami'o'i da kwalejojin da ke jihar Katsina, da malaman da ke kula da harkokin ɗalibai a cikinsu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta malamai, ya ƙara maku lafiya da juriya a kan wannan nauyi da kuke ɗauke da shi.

Ni tsohon malamin sakandare ne, na yi ritaya a nan birnin Katsina. Yaran da muka koyar ku muke miƙa wa, in kun gama da su kuma sai su sake biyowa ta gabanmu suna neman aiki, domin tun da na ajiye alli akan kira ni in zauna a kwamitocin tantance ma'aikata na wasu makarantu masu zaman kansu da wata ƙungiyar manoma. Ke nan nakan ga yaro kafin ya zo wurinku, in sake ganin shi bayan ya fito. Abin da nake gani ne ya sa na ɗauki alƙalami. Roƙona ɗaya ne: ku mai da koyon shugabanci wani ɓangare na karatun kowane ɗalibi, kuma ku koyar da shi ta hanyar damƙa wa ɗalibin amana ta gaske, wadda zai riƙe da hannunsa, sa'annan ya tsaya gaban jama'a ya yi bayanin yadda ya yi da ita.

Na san za a ce ai ana yi. Ana yi ɗin, ni ma na sha halartar tarukan koyar da shugabanci da ake shirya wa ɗalibai. A ɗaura ƙyalle a ƙofar ɗakin taro, a jera manyan baƙi, mai jawabi ya karanta takarda a kan halayen shugaba nagari, a raba ruwan leda da takardar shaida, a yi addu'a a watse. Abin da ake faɗa a wurin gaskiya ne, kuma masu shiryawa suna wahala a kai, Allah ya saka masu. Sai dai ɗalibin da ya fito daga ɗakin nan har yanzu bai taɓa riƙe naira dubu goma ta jama'a ba, bai taɓa raba gardama tsakanin mutum biyu da kowannensu ke ganin shi ke da gaskiya ba, bai kuma taɓa hana abokinsa abin da ba haƙƙinsa ba alhali abokin na kallon ƙwayar idonsa. Waɗannan su ne abubuwan da aiki zai tambaye shi tun makon farko.

A wani zaman tantancewa da muka yi, muna neman wanda zai riƙe ofishin ƙungiyar manoma a lokacin rabon taki. Wani saurayi ya shigo da sakamako mai kyau ƙwarai, irin wanda uba ke alfahari da shi a majalisa. Muka ce mashi: ga buhu ɗari na taki ya iso, ga manoma ɗari da hamsin sun riga sun biya kuɗi, ga mai unguwa ya aiko a ware mashi goma, yaya za ka yi? Ya yi shiru, can ya ce zai jira umarni daga sama. Muka ce a ranar babu kowa a samanka. Sai ya ce to zai yi abin da ya dace, ya tsaya nan. Yaron yana da ƙwaƙwalwa, yana da ladabi, na kuma ji tausayinsa har raina, domin tun daga firamare har digiri ba wanda ya taɓa aza mashi nauyin yanke wata shawara da za ta shafi wasu.

Bayan shi wata yarinya ta shigo, sakamakonta tsaka-tsaki. Da aka yi mata tambayar, sai ta fara tambayarmu ko akwai littafin da aka rubuta sunayen waɗanda suka biya da ranar da kowa ya biya. Ta ce za ta tara manoman gaba ɗaya ta faɗa masu adadin da ya iso kafin jita-jita ta riga ta, a yanke tare ko za a bi layin wanda ya riga biya ko za a raba kowa ya sami kaso, a rubuta abin da aka yanke, a sa hannu. Mai unguwa kuwa za ta je da ƙafarta ta gaishe shi, ta nuna mashi littafin, ta roƙe shi ya zo wurin rabon ya zama shaida. Na tambaye ta inda ta koyi wannan. Ta ce ita ce ma'ajin ƙungiyar ɗaliban sashensu, kuma a shekarar da ta riƙe kuɗin an yi rigima a kan kuɗin rigunan bikin kammalawa, har sai da ta kwana tana haɗa rasit ɗaya bayan ɗaya, washegari ta tsaya gaban ajinsu ta karanta, muryarta na rawa.

Ita muka ɗauka. Amma abin da ya tsaya mani a rai shi ne, wannan yarinya sa'a ta yi. Ba makarantarta ce ta tsara mata wannan horo ba, faɗawa ta yi cikinsa saboda ba wanda ya yarda ya karɓi muƙamin. Kuma a duk takardun da ta miƙo mana babu layi ɗaya da ya nuna ta taɓa riƙe amanar kowa. Da ba mu tambaya ba, da saurayin ya wuce ta.

Ranku ya daɗe, hanyar da nake magana a kanta ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Ku dubi yadda ɗan kasuwa ke rainon yaron shago a babbar kasuwar Katsina. Da fari aike ne da shara da jera kaya. In ya ga hankalinsa, sai ya fara barin mashi shago ya tafi sallar azahar, ya dawo ya ƙirga ciniki. Sannu a hankali ya bar mashi yini guda. Wata rana ya ƙunsa mashi kuɗi ya ce tafi Kantin Kwari ka saro, ya dawo a zauna a yi lissafi, in an yi mashi tsada a nuna mashi inda ya yi sake. Sai bayan duk wannan ne zai yaye shi da jari. Amanar tana girma ne daidai da yadda yaron ke girma, kuma kowane mataki da lissafi a bayansa. Abin da nake roƙo ke nan a cikin harabar makarantunku.

Tarihin garin nan ma ya ishe mu shaida. Tsohon ginin Kwalejin Katsina yana nan tsaye cikin birni. An kafa ta a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, kuma manufarta horar da malaman makaranta ne. Daga baya aka mai da ita Kaduna a 1938, sa'annan Zariya a 1949, inda ta zama Kwalejin Barewa da muka sani. Daga makarantar malamai ce Sardauna Ahmadu Bello ya fito, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Kashim Ibrahim, da Wazirin Katsina Isa Kaita. Sardauna ya shiga a 1926 ya gama a 1931. A can ya riƙe shugabanci a cikin 'yan'uwansa ɗalibai, ya kuma zama kyaftin na wasan ƙwallon bango da har yau ake bugawa a Katsina. Da ya fito ya koyar a makarantar midil ta Sakkwato, a 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah bai wuce shekara 25 ba. Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koma Bauchi ya kama alli. Mutanen nan sun fara ne da kula da 'yan'uwansu a makarantar kwana, suka wuce kula da aji, kafin a kai ga kula da lardi da ƙasa. Wasu daga cikinku ma sunayen 'ya'yan wannan makaranta ne a rubuce a ƙofofinku: Isa Kaita a Dutsin-Ma, Hassan Usman Katsina da Umaru Musa 'Yar'aduwa a nan birni.

Ba ina cewa a koma wancan zamani ba ne. Turawa sun gina makarantar ne don biyan buƙatarsu, ɗalibanta 'yan kaɗan ne, kuma babu mace ko ɗaya a ciki. Saboda ƙarancinsu, kusan kowa sai da wani nauyi ya hau kansa, malami kuma ya san kowane yaro da halinsa. Yau dubbai ne a hannunku, wani ajin ma malami ba ya hango na baya. Abin da ke faruwa da kansa a wancan lokaci, yanzu sai an zauna an tsara shi da gangan, in ba haka ba 'yan tsiraru masu baki da masu gata ne za su kwashe shi, sauran su fito kamar yadda suka shiga.

Na daɗe ina lura da abin da riƙon amana ke canzawa a cikin yaro, kuma ya fi abin da ake zato. Yaranmu sun taso a gidajen da ƙarami ba ya ɗaga ido gaban babba. Tarbiyya ce mai kyau, ita na ba 'ya'yana. Amma yaron da aka raina haka yana buƙatar wurin da zai koyi yadda ake faɗa wa babba gaskiya ba tare da an zubar da ladabi ba. Wakilin aji da aka tura ya shaida wa malami cewa jarrabawa biyu sun haɗu a awa ɗaya, ya tsaya bakin ofis gabansa na faɗuwa, ya yi sallama, ya shiga ya yi bayani aka gyara, wannan yaro ya sami wani abu da zai bi shi har ofishin darakta. Haka wanda ya tsaya takarar shugabancin sashe ya faɗi da ƙuri'a kaɗan, ya daure ya je ya yi wa wanda ya kayar da shi murna, ya kuma karɓi aikin da aka ba shi a ƙarƙashinsa. Haka wanda wa'adinsa ya ƙare ya zauna ya rubuta takardar miƙa aiki, ya lissafa kujeru da kuɗin da suka rage da bashin da ake bin ƙungiya, ya damƙa wa magajinsa. Ku tambayi duk wanda ya taɓa zama a kwamitin masallaci ko ƙungiyar iyaye da malamai ko ta 'yan kasuwa, zai gaya maku yawancin rigingimunmu daga nan suke tasowa: wanda ya faɗi ya ƙi yarda, wanda ya sauka ya tafi da littafi.

Akwai kuma zama da wanda ba naka ba. A Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da sababbin makarantun tarayya da ke Daura, yaron da ya fito daga Ɓatagarawa ko Sandamu yana zaune aji ɗaya da Bayarabe da Ibo da Tibi, Musulmi da Kirista. Zama aji ɗaya bai isa ba, don kowa kan koma cikin nasa da an tashi. Amma in aka haɗa su a kwamiti ɗaya aka ce ku ne za ku kula da ruwan ɗakin kwananku wannan zango, dole su san lokacin sallar wannan da lokacin cocin wancan, dole su koyi yadda ake gardama a gama a ci abinci tare. Tun 1973 da aka kafa hidimar ƙasa ake tura 'ya'yanmu jihohin da ba su san kowa ba. Wanda ya saba aiki da baƙo tun a makaranta ba ya zuwa can ya takure a ɗaki yana ƙirga kwanaki.

In aka zo maganar aiki kuwa, ku kun fi ni sanin inda ɗalibanku ke ƙarewa. Mai takardar NCE da aka tura firamaren ƙauye, kafin ya farga an ce shi ne hedimasta, ga malamai da suka girme shi, ga kwamitin iyaye, ga dagaci. Wadda ta karanci kiwon lafiya za ta tarar ita ce babba a ƙaramin asibitin gunduma, magani da ma'aikata da rahoton wata duk a wuyanta. Wanda bai sami aikin gwamnati ba ya buɗe wurin ɗinki ko gyaran waya ko kiwon kaji, cikin shekara yana da yara uku a ƙarƙashinsa da zai biya, ya tsawatar, ya kuma riƙe. Ba ɗayansu da za a kira wani kwas kafin a aza mashi nauyin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka abin yake a wajen damar ƙaro karatu. Tallafin Chevening na gwamnatin Ingila yana sa mai nema ya rubuta bayani na musamman a kan inda ya taɓa jagorantar mutane da abin da ya biyo baya. Shirin Mandela Washington na Amurka, wanda aka fara a 2014 don matasan Afirka masu shekara 25 zuwa 35, shi ma abin da ya riƙa dubawa ke nan: me ka taɓa yi wa al'ummarka? Tsofaffin ɗalibaina sukan kawo mani irin waɗannan fom mu duba tare. Sau da yawa yaro ga ilimi, ga Turanci, amma da an iso wannan tambaya sai alƙalami ya tsaya. Wani ya ce mani ko ya ƙirƙiro wani abu, na ce a'a, amma na san ba laifinsa ba ne da ya rasa abin rubutawa. Maƙwabtanmu na Kaduna sun fara shirin horar da matasa mai sunan Kashim Ibrahim a 2018, inda ake ɗaukar matasa su yi shekara guda suna aiki kusa da manyan jami'an gwamnati. Abu ne mai kyau, amma mutum nawa irin wannan shiri zai iya ɗauka a shekara? Ku ne kaɗai kuke da dubbai a hannu na tsawon shekara uku ko huɗu.

Kuma a 2018 ɗin ne Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya sa hannu a dokar da ta rage shekarun tsayawa takara, ta mai da na majalisar wakilai da majalisar jiha daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Mai shekara 25 shi ne wanda bai daɗe da barin hannunku ba. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kowace da kansilanta. Doka ta buɗe wa matasa ƙofa, amma doka ba ta koya wa kowa yadda ake karanta kasafin kuɗi ko gudanar da zama.

Yanzu bari in zo kan abin da na san yana ranku, domin ba zan yi kamar ban san shi ba. Siyasar ɗalibai ta ba shugabannin makarantu wahala a ƙasar nan. Tarzomar 1978 da ta kai ga soke ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta wancan lokaci, da abin da ya faru a Jami'ar Ahmadu Bello a 1986 inda aka rasa rayukan ɗalibai, duk wanda ya kai shekaruna yana tune da su. A yau kuma damuwar ta sake kama. 'Yan siyasa na zuba kuɗi a zaɓen ɗalibai, fosta ta cika bango, yaro ya ci zaɓe washegari ya fara yawon ofis-ofis yana raba lambar yabo ga masu hannu da shuni, ana kiransa da laƙabi, yana tafe da 'yan rakiya. Wanda ya ga haka ya ce gara a rufe ƙungiyar a naɗa kwamitin riƙon ƙwarya, na fahimci dalilinsa, kuma a manyan makarantun ƙasar nan da dama hakan ake yi.

Amma ina roƙonku ku sake duba wannan lissafi. Yaron nan yana koyon shugabanci ko kun koya mashi ko ba ku koya ba. In kuka janye hannu, malaminsa shi ne ɗan siyasar da ke kiransa gida da dare, darasin kuwa shi ne muƙami hanyar samu ce. In kuka naɗa mashi shugabanni da kanku, darasin shi ne kujera daga sama take zuwa, don haka wanda ke sama ake faranta wa. Dukansu biyu mun ga irin 'ya'yan da suke haifa mana. Maganin zaɓe mara kyau shi ne zaɓe mai ƙa'ida: a ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe, a hana kuɗin waje, a sa sharaɗin sakamako mai kyau, a yi muhawara a fili, a ƙirga ƙuri'a gaban kowa. Abin da ya fi duka muhimmanci kuma shi ne binciken kuɗi. Kowace ƙungiya da ke karɓar ko sisi daga ɗalibai, daga babbar ƙungiya har ta sashe har ta 'yan ƙaramar hukuma, ta manna bayanin shiga da fitar kuɗinta a allon sanarwa ƙarshen kowane zango, ɗaliban sashen akanta su bincika a ƙarƙashin malaminsu, kuma kada a sallami shugaba ko ma'aji da takardar kammalawa sai littafinsa ya fita. Da wannan kaɗai, masu zuwa don ci za su ragu da kansu, masu binciken ma sun sami aikin gwaji na gaske.

Sai dai kujerun ƙungiya kaɗan ne, ɗalibai kuwa da yawa, shi ya sa nake ganin ainihin aikin yana cikin manhaja. Sabon tsarin manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Ga wuri nan. A ware kwas guda mai maki, wanda ba a ɗakin lacca za a ci shi ba. A raba ɗalibai rukuni-rukuni, kamar mutum goma-goma, a haɗa sassa daban-daban, kowane rukuni ya ɗauki wata matsala ƙarama da ake iya gani da ido: famfon da ya lalace a ɗakin kwana, yaran wata firamare ta kusa da ba su iya karatu ba, magudanar da ke toshewa kowace damina a wata unguwa, rajistar haihuwa a wata gunduma. Su rubuta abin da za su yi da abin da zai ci, su je su gaida mai unguwa su nemi izini, shugabancin rukunin ya riƙa zagayawa ta yadda kowa zai ɗanɗana, a ƙarshe su tsaya gaban malamai da mutanen unguwar su faɗi abin da ya yiwu da abin da ya gagara da dalili. Rukunin da aikinsa bai yi nasara ba amma ya kawo bayani na gaskiya da lissafi cikakke, a ba shi makinsa. Kwalejojin kimiyya da na ilimi suna da nasu hukumomin, amma na tabbata ba za a rasa inda za a saka irin wannan ba, ko a cikin darasin sana'o'i ko a gefen koyarwar gwaji. Na san akwai yankunan da matsalar tsaro ba za ta bari a tura ɗalibi ba. A fara da cikin haraba da unguwannin da ke kewaye da ita.

Ina da magana ta musamman a kan 'ya'yanmu mata. A yawancin ƙungiyoyin ɗalibai, in an ba mace kujera to mataimakiya ce ko mai kula da walwala, wato ita ce mai dafa abincin taro. Ana kuma sa zama bayan isha'i, lokacin da budurwa mai zuwa daga gida ko matar aure mai goyo ba za ta iya fitowa ba, sa'annan a ce mata ba sa son shiga. A mai da zama da rana, a tabbatar shugabancin rukuni ya zagayo kansu kamar kowa. Wanda ke ganin wannan baƙon abu ne ya tuna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta tsara ƙungiyar mata ta 'yan taru, ta naɗa jajis, wato shugabanninsu, ta ɗora masu malfa alamar an ba su jagoranci, suna bi ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Makarantun 'yan mata da ɗakunan haihuwa na jihar nan mata ne za su riƙe su, kuma a hannunku suke yanzu. Haka ɗan talaka da ke fita aji ya hau babur ɗin haya ko ya tsare shagon wani don ya biya kuɗin makaranta: shi ne ya fi kowa rashin lokacin shiga ƙungiya, shi ya sa sai abin ya zama cikin karatu zai same shi.

Duk abin da ɗalibi ya riƙe kuma a rubuta mashi. Takarda guda daga ofishin kula da harkokin ɗalibai, mai hatimi, wadda ta ce wane ya riƙe kaza daga lokaci kaza zuwa kaza, an binciki littafinsa an same shi daidai. Mu da ke zama tantancewa za mu karanta ta kafin mu karanta sakamako. Malamin da aka ɗora wa kula da waɗannan rukunoni shi ma a lissafa mashi a cikin aikinsa da ƙarin girmansa, don na san nauyin da ke kan malamanku, kuma aikin da ba a lissafawa shi ake fara yarwa.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkanmu makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ya kuma damƙa wa Usama ɗan Zaidu jagorancin runduna yana saurayi, alhali a cikinta akwai manyan sahabbai. Amana da tambaya tare suke tafiya, kuma ƙuruciya ba ta hana a ba mutum su.

Ban ce a fara ko'ina a lokaci ɗaya ba. Kowace makaranta ta zaɓi tsangaya ɗaya ko sashe ɗaya ta gwada na shekara guda, sa'annan ku haɗu ku kwatanta abin da kuka gani. In ana buƙatar waɗanda za su zauna su saurari bayanin ɗalibai a ƙarshen zango, ko su raka su gaida masu unguwanni, garin nan da Daura da Funtuwa da Malumfashi cike suke da tsofaffin malamai da ma'aikata da 'yan kasuwa da za su zo ba tare da an biya su ba. Ni ma in an kira ni zan zo, zan kuma taho da wasu.

Allah ya yi maku jagora, ya shirya mana zuriya. Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon malamin sakandare,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.